Gida da Lungu: Nazari a Kan Yadda Fitowar Labarin Zane Take Ba da Labari

Kowace Laraba shagunan sayar da labaran zane a Amurka sukan sauke sababbin kaya, kafin mako ya zagayo kuma masu sharhi sun gama tankaɗe da rairayar abin da ya fito. Wanda ya daɗe yana bin irin wannan sharhi zai lura da wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a cikinsa. Mai sharhi zai cinye mafi yawan filinsa yana maimaita abin da ya faru, wane ya doki wane, wance ta bankaɗo asirin wane, sa'an nan a layi biyun ƙarshe ya ce zanen ya yi kyau, ya ba da maki, ya tashi. Irin wannan rubutu yana da amfani ga wanda bai samu kuɗin saye ba a wannan watan, amma bai taɓa abin da ya raba labarin zane da ƙagaggen labari ko fim ba. Abin da muke nema a wannan nazari shi ne ma'aunin da ya dace a ɗora fitowa guda a kai, kuma mun tsaya a kan wani gwaji mai sauƙi. Mutum ya karanta fitowar, ya rufe ta, ya ba abokinsa labarinta da baki tun daga farko har ƙarshe. Duk abin da ya zube a hanya, wanda baki ya kasa ɗauka, shi ne ainihin aikin da masu littafin suka yi. In kuwa babu abin da ya zube, to da ma labarin bai buƙaci zane ba. Wannan shi za mu riƙa kira gwajin baki.

Sai dai kafin mu auna komai, dole mu daidaita sunayen abubuwa. Idan muka ce labarin zane, muna nufin hotuna zanannu da aka jera da gangan, wani bayan wani, domin su ɗauki labari, ko da kalmomi tare da su ko babu. Turawan Amurka da Ingila suna kiransa kwamik, kalmar da asalinta barkwanci take nufi, saboda zane-zanen farko da suka yi suna a jaridunsu na ban dariya ne. Sunan ya bi shi har yau, ko da labarin na kisan kai ne. Japanawa suna ce wa nasu manga. Wannan ma'ana ta fitar da katun na jarida mai hoto ɗaya, domin babu jeri a cikinsa, ta kuma fitar da katun na talabijin, domin shi na'ura ce take tafiyar da lokacinsa, mai kallo sai dai ya bi. Jerin nan shi ne ginshiƙi, kuma a kansa Will Eisner ya gina littafinsa na 1985, Comics and Sequential Art, wanda yana cikin na farko-farko da suka ɗauki wannan sana'a a matsayin abin nazari. Fitowa kuma ita ce ɗan siririn littafin nan mai laushin bango, wanda aka maƙale tsakiyarsa da 'yan ƙarafa biyu, mai ɗauke da lamba, da yake fita sau ɗaya a wata da shafi 20 ko 22 na labari. Fitowa biyar ko shida da suka haɗu suka kammala wani yanki na labarin su ne zango, idan aka ɗaure zangon a littafi guda mai kauri kuma ya zama kundi. Mai karatun Hausa da ya san zamanin da littattafan kasuwar Kano suke fita na ɗaya, na biyu, na uku, marubuciya ta katse labari daidai inda zuciya ta ɗau zafi, ba baƙo ba ne ga wannan tsari.

A cikin shafin kansa akwai sassa huɗu da za mu yi ta ambata. Na farko shi ne gida, wato kowane hoto guda da aka kewaye da layi. Mun aro sunan daga gidan dara, domin shi ma fili ne ƙayyadadde wanda ba a sanin ƙimarsa sai an dube shi tare da maƙwabtansa. Na biyu lungu, farin sararin da ke tsakanin gida da gida. Na uku kumfar magana, da'irar da ke ɗauke da furucin mutum, mai 'yar wutsiya da ke nuna bakin mai maganar. Na huɗu akwatin bayani, inda muryar mai ba da labari ko tunanin wani yake fitowa ba tare da an furta ba. Hannuwan da ke kan shafi ma yawanci huɗu ne: marubuci, mai zane, mai launi, da mai haruffa, wanda shi ne yake yanke inda kowace kumfa za ta zauna, don haka akalar idon mai karatu tana hannunsa. Mun jero su ne saboda sharhi yakan yi rowar yabo. Sunan marubuci ne a baki, alhali yawancin abin da gwajinmu zai nuna ya zube, daga hannun sauran ukun ya fito.

Daga cikin sassan nan lungu ne ya fi kowanne aiki, ko da yake babu komai a cikinsa. Mu ɗauki gida biyu. A na farko ga yaro a gindin mangwaro, ya ja hannu baya da dutse. A na biyu ga dattijo ya leƙo ta taga, gilashi a warwatse a gabansa, yaron kuwa sai silifas ɗinsa ɗaya a ƙasa. Babu wanda ya zana jifar, ko kuskurenta, ko ƙarar gilashin, ko gudun, amma duk mun gani, mun ma ji. Mai karatu ne ya aikata su a cikin lungu. Scott McCloud, a littafinsa Understanding Comics na 1993, ya kasa irin tsallaken da ido yake yi a lungu kashi shida: daga ƙiftawa zuwa ƙiftawa, inda kusan babu abin da ya motsa, daga aiki zuwa aiki na mutum guda, daga wani mutum ko wani abu zuwa wani a cikin fage ɗaya, daga fage zuwa fage, inda ake haye wuri ko lokaci mai nisa, daga kusurwa zuwa kusurwa, inda lokaci yake tsayawa ido ya yi yawo a kan sassan wuri guda, kamar takalma a ƙofar ɗaki, da labule yana kaɗawa, da shayi yana hucewa a kofi, sai na ƙarshe, wanda babu wata alaƙa a fili tsakanin gidajen biyu. Da ya ƙirga, sai ya samu labaran zanen Amurka sun fi dogara ga na biyu, su kuwa na Japan suna yawan amfani da na biyar, wanda da ƙyar ake ganinsa a Amurka a wancan lokaci. Amfanin wannan rabo ga mai sharhi shi ne ya ba shi tambayar da ta fi ta abin da ya faru: me aka zana, me aka bar mini in ƙarasa da kaina, kuma an bar mini daidai ƙarfina?

Faɗin lungu shi yake yanke yawan labarin da fitowa za ta ɗauka, kuma a nan ne tarihin sana'ar ya rabu biyu. Za mu kira tsohon salo matsi, sabon kuma saki. A 1962, Stan Lee da Steve Ditko sun ba da asalin Spider-Man gaba ɗayansa, tun daga cizon gizo-gizo har mutuwar baffansa Ben da nadamar da ta biyo baya, a shafi 11 kacal na Amazing Fantasy ta 15. A shekarar 2000, da Brian Michael Bendis da Mark Bagley suka sake ba da wannan labari a Ultimate Spider-Man, zangon farko sai da ya ci fitowa 7. Dalilan sauyin biyu ne a fili. Kasuwar kundi a manyan shagunan littattafai ta bunƙasa, har marubuta suka koma tsara labari da kundin a zuciyarsu, sa'an nan ga tasirin manga da na fim, waɗanda suka koya wa masu zane darajar shiru da jinkiri. Saki shi kaɗai ba aibi ba ne. Ben na Bendis mun zauna da shi, mun ji hirarsa da nasiharsa, shi ya sa mutuwarsa ta yi ciwo fiye da ta 1962. Aibin yana shigowa ne idan aka manta cewa fitowa tana ɗauke da bashi biyu: bashin wanda ya fitar da dala 4 ko 5 yau, zai kuma jira wata guda kafin ya ga ci gaba, da bashin wanda zai karanta kundin a zama ɗaya bayan shekara. Fitowar da ta biya na biyu ta hana na farko, yankan burodi ce aka sayar a farashin gurasa sukutum.

Ba kowace fitowa ake bi bashi iri ɗaya ba, don haka sai mu kasa su uku. Akwai mabuɗiya, wadda take fara sabon jeri, aikinta ta kafa duniya, ta gabatar da mutane, ta dasa tambaya. Akwai 'yar tsakiya, wadda take ɗauko labari daga wata ta miƙa wa wata. Akwai mai zaman kanta, wadda take farawa ta ƙare a cikin bangonta. Rashin adalci ne a auna 'yar tsakiya da mudun mai zaman kanta. Abin da za a tambaye ta kawai shi ne ko wani abu guda ya sauya tsakanin shafinta na farko da na ƙarshe, sauyin da ba zai koma yadda yake ba. Ba za mu daɗe a kanta ba, domin darasin ya fi fitowa fili a sauran biyun.

Shekarar 2024 ta ba mu mabuɗiya biyu da suka cancanci a ajiye su gefe da gefe, kasancewar dabararsu ɗaya: a ɗauko jarumin da kowa ya haddace tarihinsa, a zare tubali guda daga ginin, a ga yadda zai tsaya. Ta farko ita ce sabuwar Ultimate Spider-Man ta kamfanin Marvel, wadda ta fita a watan Janairu daga hannun Jonathan Hickman da Marco Checchetto. A nan gizo-gizon bai ciji Peter Parker yana yaro ba. Ya girma, ya auri Mary Jane, suna da 'ya'ya biyu, baffansa Ben yana raye, matar baffan ce ta rasu. Kusan dukkan fitowar hira ce, a gida, a ofishin jarida, a wurin taron tunawa da mamata, sai a ƙarshe Peter ya zaɓi cizon da kansa, da saninsa. Idan muka yi mata gwajin baki, gaskiya abin da zai zube kaɗan ne: fuskokin da Checchetto yake zanawa, musamman gajiyar nan ta magidancin da bai rasa komai ba amma yana jin wani abu ya wuce shi. Sauran duk wasan kwaikwayo na rediyo zai iya ɗauka. Hikimar wannan jeri a wani wuri take. An tsara shi ta yadda kowace fitowa wata guda ne a rayuwar mutanen ciki, daidai da watan da mai karatu ya yi yana jira. Wato Hickman ya gane cewa lungu mafi faɗi a wannan sana'a shi ne wanda ke tsakanin fitowa da fitowa, ya kuma sa shi aiki. Wanda ya karanta jerin a kundi zai samu labarin, amma wannan ɗanɗanon ya wuce shi.

Ta biyu ita ce Absolute Batman ta kamfanin DC, a watan Oktoba, rubutun Scott Snyder, zanen Nick Dragotta, launin Frank Martin. Tubalin da aka zare a nan dukiya ce. Bruce Wayne, wato Batman, ɗan talakawa ne, injiniya mai aikin gine-ginen birni, mahaifinsa malamin makaranta ne da aka harbe a gidan namun dajin Gotham ranar da ya kai ɗalibansa yawon buɗe ido. Abubuwa biyu a wannan fitowa baki ba zai ɗauka ba. Na ɗaya girman jiki. Dragotta yakan cika shafi da ƙananan gidaje masu yawa, matsattsu, hannu a nan, takalmi a can, ƙiftawar ido, har numfashin mai karatu ya taƙure, sa'an nan ya saki babban gida guda wanda Batman ya cika shi ƙirji da kafaɗa. Da a ce duk gidajen manya ne, da girman bai ji a jiki ba. Ƙanƙantar na baya ce ta auna shi. Na biyu mutuwar mahaifin. Malamin ya tura yaran cikin ɗakin jemagu, ya rufe ƙofa yana waje, mu kuma aka bar mu a ciki tare da yaron. Ƙofar nan lungu ce da aka zana, kuma abin da ke bayanta mu ne muka ƙarasa shi. Inda muke da ƙorafi shi ne akwatunan bayani. An ba Alfred, wanda a nan ɗan leƙen asirin Birtaniya ne da aka turo birnin, muryar ba da labari, dabara mai kyau domin ta sa muna kallon Batman daga waje kamar baƙon dabba. Amma sau da yawa Alfred yana gaya mana mamakin da zanen ya riga ya ba mu, kamar maroƙin da ke yi wa sarki kirari alhali sarkin na tsaye a gabanmu.

A cikin watan Oktoban 2024 ɗin ne kuma Absolute Wonder Woman ta fita, ta Kelly Thompson da Hayden Sherman da mai launi Jordie Bellaire, wadda ta ci kyautar Eisner, mafi girman lambar yabo a wannan sana'a a Amurka, ta sabon jeri mafi kyau a 2025. Za mu ɗauki abu guda daga mabuɗiyarta. An jefa jarumar, Diana, tana jaririya a wani tsibiri na lahira, a hannun matsafiya Circe, wadda ba ta nemi riƙon ba kuma ba ta so. Yadda aka nuna shekarun renon shi ne abin lura: ido yana tsaye a wuri guda, yana kallon mazaunin Circe daga kusurwa ɗaya, gida bayan gida, kufai yana zama muhalli, kayan ɗaki suna ƙaruwa, miyagun halittun da suka zo cutar da jaririya suna komawa 'yan gida. Tsallake ne daga fage zuwa fage, mai haye shekaru, amma da yake bangon bai motsa ba, ido yana kama kowane ɗan sauyi. Da baki sai dai a ce matar ta zo ta ƙaunaci yarinyar. A shafi kuwa ƙaunar tana cikin kayan ɗakin.

Ƙorafinmu a kan Alfred ya kai mu ga dangantakar kalma da hoto, wadda muke ganin iri uku ce. Akwai maimaici, inda kalma take faɗin abin da hoto ya nuna, kuma shi ne mafi rauni. Akwai cikawa, inda kowanne yake kawo abin da ɗayan bai da shi. Akwai saɓani, inda kalma ta nufi gabas hoto ya nufi yamma, ma'ana ta fito daga tazarar da ke tsakaninsu. Misalin na uku da ya fi tsaya mana a rai shi ne fitowa ta 6 ta Mister Miracle, jerin fitowa 12 da Tom King da Mitch Gerads suka yi daga 2017 zuwa 2018. Jarumin, Scott Free, gwanin kuɓuta ne daga sarƙa da tarko, kuma an zana kusan duk jerin a kan shafi mai gida tara daidai wa daida, uku a jere sau uku, tsarin da Watchmen ta Alan Moore da Dave Gibbons ta yi suna da shi a 1986 da 1987. Ga mutumin da sana'arsa kuɓuta ce, layukan nan sai suka zama sandunan kurkuku. A fitowa ta 6, Scott da matarsa Barda suna kutsawa cikin fadar abokin gaba, tarko bayan tarko, dogari bayan dogari, jini yana zuba, amma abin da ke cikin kumfar maganarsu tun daga farko gyaran gidansu ne: wane kaya za a zubar, ina za a rage, yaya za a fitar da ƙarin ɗaki. Mai karatu yana dariya, yana kuma jin akwai wata a ƙasa, har zuwa inda Barda ta bayyana cewa juna biyu gare ta. A nan gwajin baki ma ba ya yiwuwa, domin baki ba ya iya faɗin abu biyu a lokaci guda.

Yanzu sai mai zaman kanta, inda masu sana'ar suke gwada iyakar abin da shafi zai iya. Abin mamaki, fitowa biyu da suka shahara a wannan fanni duk a kan kare suke, abin da zai ba wasu daga cikinmu dariya, amma mu bar al'ada a gefe mu dubi aiki. Ta farko Hawkeye ta 11 ce, ta 2013, ta Matt Fraction da David Aja, wadda ta ci kyautar Eisner ta fitowa guda mafi kyau a 2014. An ba da labarin gaba ɗaya ta fahimtar Lucky, kare mai ido ɗaya da ke zaune a wani gidan haya a Brooklyn, wanda ya tarar da gawar wani maƙwabci a kan rufin bene. Kumfar maganar mutane duk zane-zanen banza ne a cikinta, in ban da 'yan kalmomin da kare ya sani, irin sunansa da sunan abincin da ya fi so. Kowane mutum kuma idan ya bayyana, sai a ga ƙananan alamomi sun kewaye shi, an haɗa su da layuka, suna nuna warin da karen ya san shi da shi: kofi, taba, turare, jini. Mai karatu dole ya koyi wani sabon karatu a cikin 'yan shafuka, ya koma bin sawu da hanci. Kuma salon yana da dalili a cikin labarin kansa. Mu mun riga mun san makashin, karen ya gano shi, mutanen gidan ne ba su sani ba, shi kuwa ba shi da bakin faɗa. Ciwon fitowar ke nan, kuma babu hanyar jin sa sai ta zama a cikin kan da ba ya fahimtar magana.

Ta biyu Nightwing ta 87 ce, ta ƙarshen 2021, ta Tom Taylor da Bruno Redondo. A nan an kawar da lungu ɗungurungum. Fitowar hoto ɗaya ce doguwa. In aka yage shafukan aka jera su a ƙasa za su haɗu su zama titi guda na birnin Blüdhaven, da gidajensa da benayensa. Lokaci yana tafiya ne ta maimaita jikin jarumin a kan wannan shimfiɗa, ga shi yana gudu, ga shi a sama, ga shi ya dira, yana bin waɗanda suka sace masa 'yar karyarsa mai ƙafa uku. Aiki ne na gwaninta, ya kuma dace da jarumin, Dick Grayson, wanda a gidan wasan tsalle-tsalle aka haife shi. Amma wannan fitowa ta nuna mana gibin da ke cikin gwajinmu. Idan aka ba da ita da baki kusan komai zai zube, abin da zai rage kuwa jimla ɗaya ce: an sace kare, an ƙwato kare. Ashe yawan abin da ya zube bai isa hujja ba. Dole a ƙara tambaya ta biyu, wato ko abin da ya zuben yana sauya fahimtarmu ga mutanen labarin, ko kuwa burge ido kawai ya yi. Bayan Hawkeye ta 11 mun san gidan hayar nan da mazaunansa ta wata fuskar da ba mu sani ba a da. Bayan Nightwing ta 87 mun san Redondo gwani ne, abin da muka riga muka sani. Muna son duka biyun, amma ba ajinsu ɗaya ba.

Saura sashe guda da ba mu ambata ba a farko saboda ba a kan shafi yake ba, a hannun mai karatu yake, wato juyin shafi. Littafi in aka buɗe shi shafi biyu ne a gaban ido, kuma ido ɓarawo ne, kafin a fara na hagu ya riga ya leƙa na dama. Saboda haka wuri ɗaya ne tak za a iya ɓoye abin mamaki: bayan an juya. Gwanayen marubuta suna ƙirga shafukansu domin gidan ƙarshe na shafin dama ya zama tambaya, gidan farko na hagun da ke biye ya zama amsa. A manga lissafin a juye yake, tunda daga dama ake farawa, abin da ba zai wahalar da wanda ya tashi da allo da ajami ba. Juyi mafi nauyi shi ne na shafin ƙarshe, wanda aikinsa ya riƙe mutum wata guda. Brian K. Vaughan da Fiona Staples, a jerinsu Saga da ya fara a 2012, sun mayar da shi al'ada, kusan kowace fitowa tana rufewa da shafi mai gida ɗaya. Ƙugiyar ƙarshe ita ma iri-iri ce. Mafi arha ita ce barazana, a nuna bindiga a kan jarumin da kowa ya san ba zai mutu ba. Sama da ita akwai shigowar baƙo. Mafi tsada ita ce wadda take tilasta mana sake duban abin da muka riga muka karanta. Mabuɗiyar Absolute Batman tana da biyun ƙarshe: ta rufe da inuwar wani attajiri da ake ce wa Joker, amma abin da ya fi tsaya mana shi ne ɗan fagen da ya zo kafin wannan, inda muka ga Bruce tare da mahaifiyarsa Martha a raye, maraicin da muka ɗauka cikakke ashe rabi ne.

Duk abin da muka faɗa a kan juyi ya ɗauka cewa takarda ce a hannu, alhali da yawa daga cikinmu a waya muke samun waɗannan littattafai, kuma manhajojin karatu sukan nuna gida ɗaya-ɗaya, su cika fuskar wayar da shi. A wannan karatu kowane gida ya zama juyi, ƙaramin gidan Dragotta da babbansa sun zama girma ɗaya, sandunan kurkukun Gerads kuma sun ɓace. Ya kamata mai sharhi ya riƙa faɗin a kan me ya karanta, kamar yadda mai sharhin waƙa zai faɗi ko a dandali ya ji ta ko a kaset. Wadda ta kai wannan magana maƙura ita ce mabuɗiyar Absolute Martian Manhunter, ta watan Maris 2025, rubutun Deniz Camp, zane da launin Javier Rodríguez. John Jones jami'in hukumar FBI ne da ya tsira daga fashewar bam, daga nan ya fara ganin tunanin mutane yana fita daga kawunansu kamar hayaƙi mai launi-launi, domin wani baƙon hankali ya tare a cikin nasa kan. A ƙarshen fitowar akwai takarda guda da aka zana John a fuskarta ɗaya, baƙon a ɗaya fuskar, kowanne shi kaɗai bai cika ba, aka kuma umarci mai karatu ya ɗaga ta zuwa haske. Sai mutum ya tashi daga inda yake zaune, ya je bakin taga ko gaban fitila, ya ware takardar daga 'yan uwanta da yatsa biyu. Haske yana ratsa ta, tawadar baya ta taso ta cikin ta gaba, halittun biyu su haɗu a kai ɗaya. Lungun da ke tsakanin waɗannan gidaje biyu kaurin takardar ne kawai.